Mallakar ƙirƙira a ƙasashe da yawa: inda kuɗin ke zurarewa da yadda ake tsiminsa

Mu ɗauka wani injiniya a Kano ya ƙera injin matsar man gyaɗa wanda ya fi na kasuwa fitar da mai, kuma ba ya shan wuta sosai. Masu saye suna nan a Dawanau, suna Maraɗi, akwai su a Garwa da Kumasi. Harshen cinikin ɗaya ne, motocin da ke jigilar kayan ma kusan su ne dai. Amma ranar da ya ce yana son doka ta hana wani kwaikwayon injinsa, zai tarar kasuwannin nan huɗu suna ƙarƙashin hukumomin da ba ruwan wata da wata. Ofishin da ke kula da Kano yana Abuja. Na Maraɗi da Garwa yana Yawunde, inda wasu ƙasashen Afirka suke da ofishi guda na haɗin gwiwa. Na Kumasi kuwa, ko Akara ko Harare, inda wani ofishin haɗin gwiwar yake.

Dalili shi ne takardar mallakar ƙirƙira, wadda lauyoyi ke kira fatent, tana da iyaka kamar gona. Ƙasar da ta bayar da ita, a nan ikonta ya tsaya. Babu wata takarda guda da ta rufe duniya, kuma duk wanda ya ce zai sayar maka da irin wannan, yaudara ce. Abin da ake samu shi ne ikon hana wasu ƙera abin, ko sayar da shi, ko shigo da shi cikin wannan ƙasa, har tsawon shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙata. A madadin haka mai ƙirƙira ya bayyana wa duniya yadda abin yake dalla-dalla. Ke nan duk ƙasar da bai yi rajista ba, kowa na iya karanta bayaninsa ya ƙera, kuma bai yi laifi ba.

Wannan ne ke jefa mutane cikin tsoro, sai su ce bari su rufe ko'ina. A nan jari ke karyewa. Kuɗin da ofishin gwamnati ke karɓa ranar shigar da takarda shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Manyan ramukan uku ne: wakili ko lauyan da doka ta tilasta wa baƙo ya ɗauka a kusan kowace ƙasa, fassara zuwa harshen da ofishin ke aiki da shi, da kuɗin shekara-shekara na raya takardar, wanda a yawancin wurare yake ƙaruwa yayin da takardar ke tsufa. Wanda ya shiga ƙasashe shida kuma ya riƙe su har ƙarshe, zai biya kuɗin sabuntawa kusan sau ɗari, mafi yawa da kuɗin waje. Ni a ganina tsimi na gaskiya ba ya cikin neman ofishi mai araha. Yana cikin abu biyu: jinkirta babban kashe kuɗi har sai an san ko abin yana da kasuwa, da rage yawan ƙasashen ba tare da tausayi ba.

Tun kafin a kashe ko kwabo akwai aikin da ba ya cin komai sai lokaci da kuɗin data. Hukumar kula da mallakar fasaha ta duniya, WIPO, da ke Janeba, tana da rumbun bincike na kyauta mai suna Patentscope, ofishin Turai ma yana da nasa, Espacenet. Cikinsu akwai miliyoyin takardu. Sau da yawa mutum zai ga abin da yake ɗauka shi ya fara, wani ya rubuta shi a Indiya ko Jamus shekaru talatin da suka wuce. Abin da ciwo, amma gara a ji ciwon a gaban kwamfuta da a ji shi bayan an biya lauyoyi a ƙasashe biyar. Sai abin ya zama sabo ake ba da takardar, kuma sharaɗin na duniya ne baki ɗaya: in an taɓa bayyana abin a ko'ina, ba sabo ba ne a ko'ina.

Wannan sharaɗi yana cin mai ƙirƙirar kansa, kuma a nan mutanenmu suka fi yin asara. Saurayi ya gama haɗa injinsa, murna ta kama shi, ya ɗauki bidiyo ya sa a Facebook ko TikTok, ya buɗe cikin injin yana nuna kowane ƙarfe. Malamin jami'a ya buga sakamakon bincikensa a mujalla don ƙarin girma. Su biyun sun kashe sabuntar abinsu da hannunsu. Wasu ƙasashe, irin su Amurka da Burazil, suna ba da sassauci na wata 12 bayan mai abu ya bayyana shi, amma da yawa ba sa bayarwa. Dokar Nijeriya ta 1970 sassaucinta ƙunci ne ƙwarai: wata shida, kuma ga abin da aka nuna a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi kawai. Mai niyyar fita waje ya kama bakinsa har ya shigar da takarda.

Daga nan sai maganar lokaci, wadda ita ce zuciyar dabarar. Yarjejeniyar Faris ta 1883 ta ce wanda ya shigar da buƙata a wata ƙasa mamba, yana da wata 12 da zai shigar a sauran, kuma za a ɗauka kamar tun ranar farko ya shigar. Kamar kama layi ne: ka ajiye jarkarka a bakin famfo, ko ka je ka dawo wurinka yana nan. Don haka matakin farko mafi araha shi ne a gida. Ɗan Nijeriya ya shigar a ofishin rajista da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, kasuwanci da zuba jari a Abuja, kuma hukumar NOTAP tana taimaka wa masu bincike da masu ƙirƙira wajen shirya takardu da shigar da su. Ɗan Nijar ko Kamaru ko Chadi yana bi ta ofishin tuntuɓa na ƙasarsa zuwa Yawunde. Abin da ya kamata a kula shi ne layin da aka kama ya shafi abin da aka rubuta a takardar farko ne kawai. In an rubuta ta sama-sama don tsimi, duk abin da aka bari a baya bai kama layi ba. In akwai wuri guda da bai kamata a yi rowa ba, to wajen ɗaukar gwanin rubuta bayanin da da'awowin ne (wato jimlolin da ke zana iyakar abin da ake neman doka ta kare), domin wannan rubutun guda shi za a yi ta kaiwa ƙasa bayan ƙasa.

Wata 12 ba su da yawa ga wanda ke neman mai zuba jari. Shi ya sa aka samar da wata yarjejeniya, PCT, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1970, ta fara aiki a 1978, yau kuma tana da mambobi sama da 150. Ba ta bayar da takardar mallaka. Abin da take sayarwa lokaci ne da haske. Mutum ya shigar da buƙata guda ɗaya kafin wata 12 su cika, sai wa'adin zaɓen ƙasashe ya koma wata 30 daga ranar farko, a wasu wuraren ma 31, kamar Indiya da ofishin Harare. A tsakani wani babban ofishi zai bincika ya rubuta rahoto da ra'ayi kan ko abin sabo ne, ko akwai basira a cikinsa wadda ta wuce abin da kowane gwani zai hango.

A sa shi a kalanda don ya fito fili. Injiniyanmu ya shigar a Abuja ranar 1 ga Maris 2026. Kafin 1 ga Maris 2027 ya shigar da ta ƙasa da ƙasa. Wajen watan Yuli na 2027 rahoton bincike zai iso, a watan Satumba a wallafa buƙatar kowa ya gani. Ba zai buɗe bakin jaka don fassara da wakilai ba sai 1 ga Satumba 2028. Shekara biyu da rabi ke nan yana sayar da injin, yana ganin inda ake nemansa, yana jin ta wace hanya na jabu ke shigowa, yana zama da masu masana'anta. In rahoton ya fito da muni, ya janye da ƙaramar asara. In ya fito da kyau, ya samu takardar da zai nuna wa mai kuɗi.

Farashin kuma ba yadda ake tsoro yake ba. Kuɗin shigarwa na ƙasa da ƙasa faran 1,330 ne na Suwizalan ga shafi 30 na farko, amma akwai rangwamen kashi 90 cikin ɗari ga mutum ɗaya-ɗaya daga ƙasashe masu ƙaramin samu, wanda ya mayar da shi faran 133. Ga ƙasashen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a jerin mafi ƙarancin ci gaba, irin su Nijar da Chadi da Sudan, har kamfani yana samun rangwamen. Akwai tarko a nan: dole duk waɗanda sunansu ke kan buƙatar su cancanta. Mai ƙirƙira a Nijeriya da ya yi gaggawar sa sunan kamfaninsa maimakon nasa, ko ya haɗa da abokin hulɗa daga Ingila, ya rasa rangwamen. Kuɗin bincike daban ne, kuma ya danganta da ofishin da ya yi shi. Na Turai ya haura Yuro 1,700, sai dai yana rage kashi 75 ga mutum ɗaya-ɗaya daga ƙasashe masu ƙaramin samu. Ofisoshin Masar da Indiya da Burazil da Sin su ma suna cikin masu irin wannan bincike, amma ba kowa ke da damar zaɓen kowanne ba, ya danganta da inda aka shigar.

Ba kullum wannan hanya ke da riba ba. Kuɗinta ƙari ne a kan na ƙasashe, ba madadinsa ba. Wanda ya tabbata Nijeriya da Yawunde kawai yake so, kuma kuɗin na hannu, ya tafi kai tsaye cikin wata 12. Sannan akwai ƙasashe masu yawan jama'a da suka daɗe ba su shiga PCT ba, kamar Pakistan da Bangaladash da Habasha. Mai ido a kansu kada ya kwanta yana jiran wata 30, ya duba jerin mambobi tun ranar farko.

To, ranar zaɓe ta zo, wace ƙasa za a shiga? A Afirka taswirar tana da sauƙin riƙewa. OAPI, ƙungiyar rajistar mallakar fasaha mai hedikwata a Yawunde, an gina ta kan yarjejeniyar Bangi ta 1977, tana da ƙasashe 17, ciki har da Nijar, Kamaru, Chadi, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal da Kwaddibuwa. Buƙata ɗaya, takarda ɗaya, kuɗin shekara ɗaya, duka goma sha bakwai sun shiga. Ba a zaɓe, kuma babu hanyar yin rajistar Nijar ita kaɗai. Tana karɓar Faransanci ko Ingilishi. Takwararta ARIPO, mai hedikwata a Harare, tsarinta daban ne. A ƙarƙashin yarjejeniyar Harare ta 1982 ana shigar da buƙata ɗaya, amma mutum ne ke nuna ƙasashen da yake so daga cikin kusan ashirin, irin su Gana, Kenya, Yuganda, Tanzaniya, Zambiya, Gambiya da Sudan. Kowace ƙasa da aka nuna tana da kuɗinta, kuɗin shekara ma ana lissafa shi ƙasa-ƙasa, kuma kowace tana da wata shida da za ta iya cewa takardar ba za ta yi aiki a wurinta ba. Kwaɗayin sa alama a kan kowace ƙasa don ana ganin ƙarin kaɗan ne, shi ke dawowa kowace shekara da bashi. Nijeriya, Afirka ta Kudu da Masar ba sa cikin ko ɗaya daga ƙungiyoyin nan biyu, kowace sai an bi ta ƙofarta. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka ta samu ƙarin babi kan mallakar fasaha a 2023, amma bai haifar da takarda guda ta nahiyar ba.

Tambayar da nake so kowane mai ƙirƙira ya yi wa kowace ƙasa ita ce: a nan ake ƙera abin, ko a nan ake sayensa da yawa, ko ta nan yake wucewa? In amsar uku duka a'a ce, a tsallake ta, komai girman sunanta. Mai kwaikwayon injin gyaɗa da zai yi ɓarna ta gaske ba maƙerin unguwa ba ne da zai buga guda biyar a shekara. Masana'anta ce a Sin ko Indiya da za ta cika kwantena, ta sauke a Apapa ko Kwatano ko Lome ko Tema. Tunda takardar tana hana shigo da kaya, rufe babbar kasuwa yana iya wadatarwa ko da ba a taɓa ƙasar da ake ƙerawa ba. Kuma a lura, Kwatano da Lome, waɗanda kayan Nijar suka daɗe suna bi ta cikinsu, duka suna cikin takardar Yawunde guda. Ga injiniyanmu, Abuja da Yawunde sun rufe mafi yawan cinikinsa da buƙata biyu, da rubutun Ingilishi guda, ba fassara. In ya ƙara Gana da Kenya ta Harare, har yanzu bai biya mai fassara ba. Afirka ta Kudu da Indiya ma haka. Ranar da ya ce Burazil ko Masar ko Sin ko Indonesiya, ranar ce Fotugisanci da Larabci da Sinanci da harshen Indonesiya za su shigo lissafi, kuma mai fassarar fasaha da kalma yake caji. Shi ya sa gajeren rubutu mai tsabta yake tsimi sau da yawa: a Indiya ana biyan ƙari bayan shafi 30 da da'awa goma, a Sin ma da'awar da ta wuce goma tana da kuɗinta.

Akwai abin da ba a cika faɗa wa mutane ba game da takardar da ake samu cikin sauƙi. Ofishin Nijeriya yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko abin sabo ne, kuma doka ta ce ana bayar da takardar ne a kan kasadar mai ita. Afirka ta Kudu ma ta daɗe a kan irin wannan tsari. Yana da araha da sauri, amma ƙarfin takardar ba a saninsa sai an je kotu, a Nijeriya Babbar Kotun Tarayya, inda wanda ake ƙara zai fara da cewa a soke ta. A irin wannan rana rahoton binciken ƙasa da ƙasa mai kyau yana da daraja fiye da kuɗin da aka biya shi. Indiya da Burazil da Sin suna bincike na gaske, ana ta musayar takardu da mai bincike, kowace amsa kuma lauya yana cajinta. A Burazil an san ofishin da jinkiri na shekaru. Duk ƙasar da mutum ya san ba shi da halin kai ƙara a cikinta, kuma ba shi da abokin ciniki da zai kai a madadinsa, takardarsa a can ado ce a bango.

Wasu abubuwan ba sa buƙatar babbar takarda ma. Akwai ƙaramar takardar mallaka ta gyare-gyaren kayan aiki, wadda sharuɗɗanta suka fi sauƙi, kuɗinta ya fi ƙasa, tana ɗaukar shekara 10 a Yawunde da Sin. Nijeriya ba ta da ita. Ga injin da za a sake wa fasali cikin shekara shida ko bakwai, shekara goma sun isa, kuma ita ce hanya mafi araha ta sa ƙafa a Sin. Abin da ba a iya gano shi ta hanyar kwance kaya, kamar haɗin sinadari ko zafin da ake gasa wani ƙarfe, sirrin sana'a ya fi masa, don ba ya ƙarewa kuma ba a biya masa kuɗin shekara. Wani lokaci kuma suna ne abin riƙewa. Buhun PICS na ajiye wake, mai leda biyu a cikin buhu, wanda manoman Nijar da arewacin Nijeriya suka sani, dabararsa ta fito ne daga aikin Jami'ar Purdue ta Amurka da masu bincike a Marwa ta Kamaru, kuma ta daɗe a fili. Abin da jami'ar ta riƙe shi ne alamar kasuwanci, tana ba masana'antu lasisin buga sunan a kan buhu.

Magani yana da nasa ƙa'idojin. Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ɗage wa ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba wajibcin kare mallakar magunguna har 1 ga Janairu 2033, kuma wasu, kamar Yuganda, sun sa hakan a dokarsu, don haka nuna su a buƙatar magani zubar da kuɗi ne. Indiya ba ta yarda da sabon siffar tsohon magani sai an nuna ya ƙara warkarwa, abin da kotun ƙolinta ta tabbatar a 2013 a shari'ar Novartis kan maganin Glivec.

Labarin Niprisan ya kamata a riƙa koyar da shi a kowace tsangayar kimiyya. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa shi don masu ciwon sikila daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da ganyen dawa, bisa ilimin wani mai maganin gargajiya. Ya samu takardar mallaka a Amurka a 1998, da wasu ƙasashe da dama. A 2002 aka ba kamfanin Xechem lasisi shi kaɗai, aka ƙaddamar da maganin da sunan Nicosan a 2006. A 2008 kamfanin ya shiga fatara, aka daina samarwa, masu sikila suka rasa abin da suka fara dogara da shi, shekarun takardar kuma suna ta tafiya. Sai a 2018 aka ba kamfanin May & Baker lasisi. Takardun sun yi abin da aka yi su dominsa. Abin da ya faɗi shi ne ɓangaren ƙerawa da sayarwa, wanda aka ɗora wa kamfani guda. Wannan ke sa nake cewa a wata 30 ɗin nan, neman wanda zai ƙera ya sayar ya fi tara sunayen ƙasashe muhimmanci, kuma in an samu mai lasisi a wata ƙasa, a rubuta a yarjejeniya cewa kuɗin rajista da na shekara a can shi zai ɗauka, kuma lasisin zai dawo in ya kasa samarwa.

Zama da takarda ba aiki ma yana da haɗari. Ƙa'idar Faris ta ba ƙasa damar ba wani lasisin dole in mai takarda bai yi aiki da ita ba bayan shekara huɗu daga shigarwa ko uku daga bayarwa, wanda ya fi jinkiri a cikinsu. Indiya har bayani take nema lokaci-lokaci kan ko ana aiki da abin a ƙasarta.

Sai batun canji. Harare da dala take karɓa, Janeba da faran, Yawunde da sefa, wadda aka ɗaure da Yuro a kan sefa 655.957 kowane Yuro ɗaya. Wanda ya tsara kasafinsa da naira a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a hukumance, ya wayi gari a 2024 tana sama da 1,500, nauyinsa ya ninka uku ba tare da wani ofishi ya ƙara ko sisi ba. Kasafin shekara ashirin da kuɗin waje ake rubuta shi. Kuma kowace shekara, wata biyu ko uku kafin lokacin sabuntawa, injiniyanmu ya zauna da littafin cinikinsa ya bi ƙasashen ɗaya bayan ɗaya. Inda ribar shekara ta haura kuɗin raya takardar, ya biya. Inda shekara uku suka wuce ba a sayar da inji ko goma ba, ya sake ta ta mutu. In mantuwa ce ta sa bai biya ba, doka ta ba shi wata shida ya biya tare da tara.